Me Ya Sa Wuƙar Milin Ke Ƙin Shiga Mariƙinta, Ko Ta Zame Ana Cikin Aiki?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin shagon aikin ƙarfe a Kano, kuma kwanan baya na sayi injin milin na hannu, wato injin sassaƙa ƙarfe da wuƙa mai juyawa, ƙirar Bridgeport, wanda ya zo da akwati cike da mariƙai da koletoci, wato zobban ƙarfe masu tsaga da ke damƙe wuƙa. Na sayo sababbin wuƙaƙen kabaid guda biyu, ɗaya milimita 8, ɗaya milimita 6. Ta 8 ɗin ta ƙi shiga mariƙi mai sukuru a gefe, alhali a ido girmansu ɗaya, bakinta ma kamar zai kama sai ta cije. Wani abokina ya ce in goge ƙotar da samfefa, ko in ɗan buɗe ramin. Ta 6 kuwa na sa ta a kolet ɗin da aka rubuta 1/4 a kansa, amma sai da na ƙara wa sifana bututu kafin ta kama. Da na zo yanka gurbin ki, wato tsagar da ɗan ƙarfen kulli yake zama a cikinta, a jikin shaf, sai gurbin ya fito da faɗin 6.1, zurfinsa kuma yana ƙaruwa daga farko zuwa ƙarshe, a gurbi na uku wuƙar ta karye. Shin jabun wuƙaƙe aka sayar mini, ko mariƙan ne suka lalace, ko kuwa injin ne ya gaji?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da na fahimta daga bayaninka shi ne, matsaloli biyu ne a gabanka waɗanda a zahiri suke kamar kishiyoyin juna: wuƙa ɗaya ta fi ƙarfin ramin da ka nufa da ita, ɗayar kuma ramin ne ya yi mata yawa har riƙon bai zauna ba. Ka kawo abubuwa uku da kake zargi, wato wuƙaƙen da mariƙan da injin, amma bisa abin da ka rubuta, zargina ya fi karkata ga na huɗu wanda ba ka ambata ba. Injinka ɗan Amurka ne, an fara ƙera irinsa a garin Bridgeport na jihar Konetikat tun 1938, kuma kayan da ke cikin akwatin nan kusan tabbas da inci aka auna su, alhali wuƙaƙen da ka sayo da milimita aka ƙera su. Kafin in shiga bayani, ina roƙonka ka ajiye shawarar samfefa ɗin nan gefe guda, kuma ka cire bututun nan daga jikin sifana. Duka biyun suna iya lalata maka kayan da har yanzu lafiyarsu ƙalau.

Lambar da ke kan kwali da ainihin awon ƙota

Babu masana'antar da take iya ƙera ƙarfe dubu kowanne ya fito milimita 8 cif, ba ƙari ba ragi. Saboda haka aka kafa ƙa'idar sassaucin awo, wato 'yar tazarar da aka yarda abu ya kauce daga lambar da aka rubuta masa, kuma tsarin da duniya ke bi a yau shi ne ISO 286. A wannan tsari, ƙaramin harafi yana nufin abin da zai shiga rami, babban harafi yana nufin ramin kansa, lambar da ke biye kuma tana nuna faɗin sassaucin: gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon tsananin awon. Ƙotar wuƙar milin mai kyau, wato ɓangaren nan mai santsi da ake riƙewa, yawanci h6 ake yi mata. Ma'anar harafin h ita ce ƙotar ba ta da izinin wuce lambarta ko da ƙiris, sai dai ta gaza kaɗan. Ga ƙotar milimita 6, ragin da aka yarda bai wuce 0.008 ba. Ga ta 8 da ta 10, 0.009 ne. Ga ta 12 da ta 16, 0.011, ga ta 20 da ta 25 kuma 0.013. Ke nan wuƙarka ta 8, in dai ta ƙwarai ce, kaurin ƙotarta yana tsakanin 7.991 da 8.000. Ramin mariƙi mai sukuru shi kuma ana yi masa 'yan maikuron kaɗan, wato 'yan kashi cikin dubu na milimita, sama da lambar, yadda ƙotar za ta shige da turin ɗan yatsa ba tare da ta yi lilo ba. Idan ka zaro ta da sauri ka ji 'yar ƙarar iska, to zaman ya yi daidai.

Ka dubi ƙanƙantar waɗannan lambobi. Silin gashin kai ya ninka sassaucin ƙotarka sau da yawa. Ido ba ya ganin irin wannan bambanci, ma'aunin baniya na yau da kullum ma da ƙyar yake nuna shi, don haka "a ido girmansu ɗaya" ba hujja ba ce a wannan fanni. Maikuromita ake bukata, wato ma'auni mai murɗi da yake nuna irin wannan ɗan ƙanƙanin bambanci, kuma a goge bakinsa a tabbatar yana komawa sifili kafin a auna.

Akwai wani abin da yake rikita mutane da yawa: awon ƙota daban, awon bakin yanka daban. Wuƙa mai haƙora biyu da aka yi musamman domin gurbin ki, sau da yawa e8 ake yi wa bakinta, wanda ga milimita 6 yake nufin tsakanin 5.962 da 5.980. Da gangan aka rage ta, domin gurbin ki mai tsauri, wanda ake rubuta wa P9, faɗinsa tsakanin 5.958 da 5.988 ake so ya tsaya. Wanda ya auna bakin irin wannan wuƙa ya ga 5.97 yana iya cewa an cuce shi, alhali daidai aka ba shi. Ka kuma lura da nisan da ke tsakanin waɗannan lambobi da 6.1 ɗin da ka samu: ki zai yi ta kaɗawa a cikin gurbinka har ya cinye gefensa.

Inda inci da milimita suke yaudarar juna

Inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma wasu lambobin inci suna faɗowa dab da na milimita har mutum ya ɗauka abu ɗaya ne. Mafi yaudara a cikinsu shi ne wanda nake zaton ka faɗa wa: 5/16 na inci daidai yake da milimita 7.9375. Tsakaninsa da 8 bai kai kashi bakwai cikin ɗari na milimita ba. Ɗan sassaƙen da ke bakin ramin zai bar kan ƙotar ya leƙa, shi ya sa ka ga kamar za ta kama, amma jikinta ba zai taɓa wucewa ba. Ka duba jikin mariƙin da kyau a cikin haske, ka goge tsohon man da ke kai, akwai yiwuwar ka ga 5/16 a rubuce. In rubutun ya goge, ka nemi tsohuwar wuƙa a cikin akwatin wadda take shiga ramin daidai, ka auna ƙotarta.

Juyin wannan matsala ya fi haɗari, domin shi ba ya nuna kansa. Wuƙar 5/16 za ta shige mariƙin milimita 8 salin-alin, mai aiki ya ɗaure sukuru ya ci gaba da aikinsa, bai san cewa sukurun ya tura ta gefe guda ba, ta yadda agogon awo, wato ma'auni mai allura da ake gane kaucewar abu mai juyawa da shi, zai nuna rawar da ta kai 0.06 a kowane zagaye. Haka abin yake tsakanin 5/8, wato 15.875, da milimita 16. Sauran sun fi sauƙin ganewa amma duk da haka ana faɗa musu: 1/4 shi ne 6.35, 3/8 shi ne 9.525, 1/2 kuma 12.7. Manyan wuƙaƙen share fuska masu rami a tsakiya ma ba su tsira ba, domin akwai mai ramin milimita 22 akwai mai 7/8, wato 22.225, akwai mai 32 akwai mai inci ɗaya da kwata, wato 31.75. A shagunanmu na nan, inda injin ya fito daga Amurka ko Ingila, mariƙi daga wata ƙasar, wuƙa kuma daga Sin ko Indiya, wannan cakuɗuwa ita ce abin da na fi cin karo da shi idan aka kira ni duba injin da aka ce ya gaji.

Batun gogewa kuwa, kabaid ɗin da ake wuƙa da shi, wanda ba shi da alaƙa da na masu walda, ya fi ƙarfin samfefa, sai dutsen wasa mai lu'u-lu'u yake cin sa yadda ya kamata. Ko da wuƙar ƙarfen HSS ce, wato ƙarfen wuƙa da bai kai kabaid tauri ba, wadda za ta gogu, hannun mutum ba zai iya cire 0.06 daga kewayen ƙota ya bar ta a mulmule kuma a miƙe ba. Buɗe ramin ma haka: ramin mariƙi an gasa shi ya yi tauri, sannan aka wasa shi a kan layi ɗaya da tsinin da ke shiga injin, kuma wannan daidaituwar layi ita ce dukan darajarsa. Ranar da ka taɓa shi, ka rasa mariƙin 5/16 mai kyau, kuma ba ka samu na 8 ba.

Kowane mariƙi da iyakar abin da yake iya riƙewa

Mariƙi mai sukuru a gefe, wanda ake kira Weldon da sunan kamfanin Amurka da ya fito da shi, lamba ɗaya tak yake karɓa, ba shi da wani sassauci. Kuma an yi shi ne domin wuƙar da aka shafe wa wuri ɗaya a gefen ƙota inda sukurun zai zauna. A ƙa'idar Jamus ta DIN 6535, ƙotar kabaid mai santsi duka ita ce HA, mai shafaffen gefe kuma HB. Ka duba taka. Idan mai santsi ce, ko ka samo mariƙin milimita 8 na gaske, sukurun ba shi da abin da zai dafe a jikin ƙarfe mai wannan tauri da sulɓi. Amfanin wannan mariƙi shi ne wuƙa ba ta zamewa ko aikin ya yi nauyi, aibinsa kuma shi ne kullum sukurun yana tura ta gefe gwargwadon tazarar da ke tsakaninta da ramin.

Kolet ɗin R8, wato irin wanda injinka yake ɗauka kai tsaye, a gaba kaɗai aka tsaga shi, bayansa a haɗe yake. Idan sandar ja, wato doguwar sandar nan mai zare da ake ɗaurewa daga saman injin, ta jawo shi sama, bakinsa ne yake tsukewa kamar yatsu uku. Muddin ƙotar ta yi daidai da raminsa, yatsun suna kwantawa a jikinta tun daga baki har ciki, riƙon ya yi ƙarfi. Amma da ka sa milimita 6 a ramin 6.35, sai da yatsun suka lanƙwaso 0.35 kafin su taɓa ta, kuma da suka taɓa, a bakin kawai suka taɓa, kamar zobe siriri, can ciki ƙotar tana shawagi. Komai ƙarfin da ka sa, wannan zoben ba zai zama riƙo ba. Abin da bututun ya yi shi ne ya wahalar da zaren sandar ja, ya kuma iya lanƙwasa kolet ɗin har ya daina riƙe 1/4 ɗinsa daidai. R8 bai kamata a nemi ya tsuke fiye da 'yan kashi cikin ɗari na milimita ba.

Tunda muna kan R8, bari in ƙara abu biyu da suke hana shi zama ko da girman ya yi daidai. Na farko, zaren sandar ja na asali 7/16 ne mai zare 20 a inci, amma akwai kayan da ake ƙerawa da zaren M12, kuma in aka haɗa su ba daidai ba sai a ji kamar ya ɗauru alhali zare ne yake cin ɗan'uwansa. Na biyu, a cikin sifindil, wato sandan injin da yake juya wuƙa, akwai ɗan ƙaramin fil da yake shiga doguwar tsagar da ke gefen kolet. Idan fil ɗin ya leƙo da yawa, ko tsagar sabon kolet ba ta kai zurfi ba, sai kolet ya cije a hanya ko ya zauna a karkace. Kolet mai lafiya da hannu ake tura shi ya shige, ba a buga shi.

Kolet ɗin ER, wanda kamfanin Rego-Fix na Suwizalan ya fito da shi a farkon shekarun 1970, shi ne ya fi dacewa da halin da kake ciki. An tsaga shi daga gaba da baya a jere, saboda haka yana tsukewa gaba ɗayansa a miƙe, kuma yawancinsu suna da sassaucin milimita ɗaya cur, ƙananan ciki kuma rabin milimita. Mariƙin ER32 yana ɗaukar ƙota har milimita 20, ER25 har 16, ER16 har 10. Da saiti ɗaya za ka riƙe wuƙaƙen inci da na milimita duka. Sai dai shi ma yana da ladubbansa. Yana tsukewa ne kawai, ba ya buɗewa, don haka ƙotar 6.35 kolet mai 7 zuwa 6 za ta shiga, ba a cusa ta a mai 6 zuwa 5. Ƙotar 6 kuwa, duk da cewa koletocin biyu sun ambace ta, mai 6 zuwa 5 ne gidanta, domin riƙo ya fi kyau idan kolet bai yi tafiya mai nisa ba kafin ya kama. Sannan dole a fara maƙala kolet a cikin notinsa, a karkato shi a danna har a ji ya faɗa cikin zoben da ke ciki, kafin a ɗaura notin a kan mariƙi. Zoben nan da gangan aka yi shi a gefe guda, ba kuskuren ƙira ba ne. Na taɓa samun yaron shago ya jefa kolet cikin mariƙi ya bi shi da noti, ya ɗaure iya ƙarfinsa, a ɗauri ɗaya ya ɓata kolet da noti, kuma wuƙar ta fito tana rawar da ido ma yake gani. Laifina ne da ban nuna masa ba tun farko, kuma tun daga ranar shi ne abu na farko da nake koya wa duk wanda zai taɓa injin. Ƙotar kuma ta shiga aƙalla kashi biyu cikin uku na tsawon kolet, in da hali ta cika shi, kuma kada haƙoran su shiga cikin riƙon.

A manyan masana'antu akwai mariƙin da ake zafafawa da wutar lantarki, raminsa ya buɗe, a sa wuƙa, ya huce ya damƙe ta. Ramin milimita 12 da aka ƙara wa zafi digiri 300 buɗewar wajen 0.04 kawai yake yi, shi ya sa irin wannan mariƙi ba ya karɓar ƙotar da ta gaza h6. Na ambace shi ne kawai domin ka ga dalilin da ya sa masu ƙera wuƙa suke tsananta awon ƙota haka. Cak ɗin diril kuwa, mai haƙora uku, huda aka yi shi dominta, ba ya jure turi daga gefe, kada ka riƙe wuƙar milin da shi ko da aikin minti ɗaya ne.

Yadda gurbin ya faɗaɗa, ya zurfafa, wuƙar ta karye

Abubuwa ukun da ka gani duk suna iya fitowa daga wancan siririn riƙo. Haƙoran wuƙar milin a murɗe suke kamar zaren sukuru, kuma idan suna cin ƙarfe, murɗin yana jawo wuƙar ƙasa zuwa cikin aikin. Riƙo mai kyau yana hana ta biye wa wannan ja, amma riƙon baki kaɗai yana sakin ta kaɗan-kaɗan, shi ya sa zurfin ya yi ta ƙaruwa har ƙarshen gurbin. Faɗin kuma rawa ce ta kawo shi: wuƙar da ba ta juyawa a kan tsakiyarta tana share da'irar da ta fi kaurinta, kuma duk abin da agogo ya nuna na rawa, kusan shi ne zai ƙaru a faɗin gurbin.

Karyewar ce ta fi bukatar a tsaya a yi lissafi. A ce ka tsara kowane haƙori ya ɗebi 0.03 a zagaye, wanda awo ne mai ma'ana ga ƙaramar wuƙa a jikin ƙarfe. Idan wuƙa mai haƙora biyu tana rawar 0.02 kacal, haƙori ɗaya yana iya ɗibar 0.05, ɗayan kuma 0.01. In rawar ta kai 0.03 ko ta wuce, haƙori ɗaya ne yake dukan aikin, ɗan'uwansa yana wucewa a iska. Kabaid yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, gautsi gare shi, don haka haƙorin da aka ɗora wa ninkin kayansa zai fara ɓantarewa, daga nan wuƙar ta tsinke. Ga kuma zurfin da yake ƙaruwa yana daɗa mata nauyi, ga tsawon da ta leƙo yana ƙaruwa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin idan aka ninka tsawon da wuƙa ta leƙo daga mariƙi sau biyu, lanƙwasawarta a ƙarƙashin nauyi ɗaya sau takwas take ninkuwa.

Duk da haka, ba zan yanke hukunci a kan kolet shi kaɗai ba sai ka kawar da wani abu. A injin irin naka, sifindil yana cikin wani bututu mai saukowa da hannu kamar na injin diril, kuma yana da makullinsa a gaba. Idan ba a kulle shi ba, ko makullin ya cinye, jan da na ambata zai sauko da bututun gaba ɗaya, zurfi ya ƙaru ko da riƙon wuƙar lafiya lau. Gwajin mai sauƙi ne: ka ja layi da maka a jikin ƙota daidai bakin kolet, ka yi yanka, ka tsayar da injin ka duba. In layin ya sauko, wuƙar ce ta zame. In yana nan amma zurfin ya canza, to ka koma kan makullin bututun da na gwiwar teburi. Teburin da bai kullu ta gefen da ba a tafiya ba shi ma yana faɗaɗa gurbi.

Bin sawun rawa daga sama zuwa ƙasa

Idan aka kira ni irin wannan aiki, ba na fara taɓa wuƙa. Nakan kashe wuta, in sa injin a sake yadda sifindil zai juya da hannu, in cire komai daga bakinsa, in goge mazurarin ciki, wato ramin nan mai tsukewa inda kolet yake zama, da tsumma mai tsabta marar zare, sannan in bi shi da ɗan yatsa. Yatsa yana jin ɗan ɓurɓushin ƙarfen da ya lafe ko ɗan tudun da duka ya tayar, waɗanda ido ba ya gani. Wannan mataki mutane suna raina shi, alhali a wurinmu ya fi ko'ina muhimmanci. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da man da ke jikin kolet ta zama kamar kwaɓaɓɓen yashi, ta cika tsagogin, ta kuma zauna tsakanin fuskokin da ya kamata su manne. Akwai wani aiki da na taɓa kwashe rabin yini a kansa ina zargin boris, har na fara tunanin kwance kan injin, sai daga baya na gano ɗan guntun ƙarfe ne da bai kai ƙwayar gero ba ya nutse a jikin mazurarin. Da na cire shi na lallaɓa wurin da ɗan dutsen mai, rawar ta sauko daga 0.05 zuwa ƙasa da 0.01.

Bayan gogewa sai in kafa agogon awo mai ɗan hannu, bakinsa ya taɓa cikin mazurarin, in juya a hankali. A injin da yake da lafiya allurar ba ta kaiwa 0.01. Daga nan in riƙe bakin sifindil in tura shi gaba da baya da hannu: in allura ta yi tsalle ta zauna a sabon wuri, akwai sako-sako a boris ko a bututun. Idan wannan ya wuce lafiya, sai in sa mariƙi in auna cikin nasa mazurarin, sannan in sa kolet da wani sandan ƙarfe wasasshe da na amince da miƙewarsa, ƙotar karyayyiyar wuƙar kabaid ma tana yin wannan aiki sosai, don haka kada ka yar da taka. Nakan auna dab da bakin noti, in sake aunawa a nisan da ya kai kaurin sandan sau uku ko huɗu. In lambobin biyu kusan ɗaya ne, sandan ya goce ne daga tsakiya amma a miƙe yake. In ta ƙasa ta fi ta sama nesa ba kusa ba, a karkace yake, kuma wannan yawanci datti ne, ko kolet da bai zauna ba, ko ƙota da ba ta shiga sosai ba.

Domin a gane mai laifi, sai a sa alama a inda allura ta fi hawa, a sassauta, a juya abu ɗaya kawai rabin zagaye, a sake ɗaurewa a auna. In tudun ya bi sandan, sandan ne a lanƙwashe. In ya bi kolet, kolet ne. In ya tsaya a wurinsa duk abin da aka juya, matsalar tana sama, a mariƙi ko a sifindil. Kolet ɗin ER na gama-gari yakan ba da 0.01 zuwa 0.02, na musamman kuma wajen 0.005. Ga wuƙar milimita 6 ta kabaid, ni dai ba na fara yanka in na ga fiye da 0.02, kuma na fi samun natsuwa in ta sauko kusa da 0.01. Wanda yake son ganin yadda tsinin mariƙi yake zama a cikin sifindil, sai ya shafa masa shuɗin gwaji siriri, ko ya ja masa layuka uku da maka, ya tura shi da hannu ya ɗan murza, ya zaro ya ga inda ya goge. Zama mai kyau yana gogewa kusan ko'ina, ba a baki kaɗai ko can ciki kaɗai ba.

Abin da zan yi da ni ne a wurinka

Zan fara da zazzage akwatin nan, in wanke komai da kananzir, in auna, in raba na inci da na milimita a wurare biyu da alama bayyananna, domin yaran shago kada su sake haɗa su. Kolet ɗin 1/4 da ya sha ɗaurin sifana mai bututu zan gwada shi da ƙotar 6.35 ta gaske, in ya wuce awon da na faɗa sai in fitar da shi daga cikin kayan aiki. Sannan zan sayi ɗaya daga cikin biyu: ko koletocin R8 na milimita a lambobin da na fi amfani da su, 6 da 8 da 10 da 12 da 16, ko mariƙin ER32 mai tsinin R8 da saitinsa. Na farkon ya fi ƙarfi domin wuƙar tana kusa da boris, kuma ba ya cin tazarar da ke tsakanin kai da teburi. Na biyun ya fi sauƙin sha'ani ga mai gauraye-gaurayen wuƙaƙe. In za ka je saye, ka tafi da sandar jan injinka ka gwada zaren a gaban mai kaya, ka kuma tafi da maikuromita. Notin ER32 yana son ɗauri mai ƙarfi, sama da mita-niyuton 100 a ma'aunin ƙarfin murɗi idan ƙotar babba ce, ƙasa da haka sosai idan ƙarama ce, kuma sifanarsa ta musamman ta isa ba sai an ƙara mata komai ba.

Gurbin ki na milimita 6 kuwa, a tsohon inji ba na yanka shi da wuƙar 6 a tafiya ɗaya. Nakan buɗe tsakiya da ta 5, ina saukowa kaɗan-kaɗan, sannan in share gefe ɗaya in share ɗayan, ina gwada ki ɗin da kansa har ya shiga da ɗan matsi. Ta haka rawar da ta rage da lanƙwasawar wuƙa ba sa shiga cikin awon ƙarshe.

Duk wannan na gina shi ne a kan abin da ka rubuto, ban ɗora hannu a kan injinka ba, kuma ban cire yiwuwar wuƙa marar kyau ba: in maikuromita ya nuna ƙotar 8 ta haura 8.000, ko ta 6 ta gaza 5.992, to ka mayar wa mai ita. Idan kuma ka goge, ka auna, ka ga cikin sifindil kansa yana rawar 0.02 ko fiye, ko yana motsi in an tura shi, wannan ya wuce abin da sabon kolet zai gyara. Canza boris ɗin sifindil yana bukatar irin boris ɗin da aka yi masa a haɗe biyu-biyu da wanda ya san yadda ake matse su, sake wasa mazurarin kuma aiki ne na mai injin wasa da ya saba da shi, ba na magagari ko samfefa ba. Ka aiko mini da lambobi huɗu in ka samu dama: kaurin ƙotar 8, abin da aka rubuta a jikin mariƙin, rawar cikin sifindil, da rawar sanda a nisan milimita 25 daga bakin kolet.